Fashin Aiki A Cibiyoyin Amsa Kiran Waya: Dalilansa Da Yadda Ya Shafi Kudancin Kano

Fashin aiki shi ne rashin bayyanar ma'aikaci a bakin aikinsa a ranar da aka tsara masa, ko da uzuri ko babu. Matsala ce da ta daɗe a makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, amma akwai wata sana'a da masana harkokin ƙwadago suka fi zura wa ido a kanta, wato aikin cibiyoyin amsa kiran waya. Waɗannan su ne manyan ɗakunan da kamfanonin sadarwa da bankuna da kamfanonin rarraba wutar lantarki da hukumomin agajin gaggawa ke jera ma'aikata a cikinsu, kowa da abin saurare a kunne da kwamfuta a gaba, suna karɓar koke-koken jama'a. Abin da ya ja hankalin masana shi ne sana'o'i kaɗan ne ake ƙidaya lokacin ma'aikaci a cikinsu kamar wannan. Na'ura ce ke rubuta daƙiƙar da ya zauna da wadda ya tashi, da yawan kiran da ya amsa da tsawon kowane kira, saboda haka rashin zuwansa ba ya ɓoyuwa, kuma ana iya bin diddigin musabbabinsa.

Mazauna ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suna da ruwa da tsaki a wannan batu, ko da yake cibiyoyin ba a garuruwansu suke ba. Galibin rassan bankuna da manyan ofisoshin kamfanonin waya suna cikin birnin Kano ne. Mai sana'ar POS a Kwanar Ɗangora da aka cire wa kuɗi ba su shiga inda ya tura ba, ko manomin masara a Riruwai da aka toshe wa layi saboda lambar NIN, ba su da ofishin da ya fi musu kusa kamar lambar da za su buga a waya. Idan babu mai ɗauka a ɗaya ɓangaren, abin da ya rage musu shi ne kuɗin mota da asarar yini guda a hanyar birni.

Yadda sana'ar ta zauna a Najeriya

Aikin ya bunƙasa ne bayan shigowar wayar salula a shekarar 2001. Daga baya Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ware lambar 622 domin masu ƙorafin da kamfaninsu ya kasa warware musu, da lambar 112 ta neman agajin gaggawa wadda ke da cibiyoyi a jihohi da dama, har da Kano da Katsina da Kaduna. A 2023 hukumar ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin waya, inda 300 ta zama lambar kiran sashen kula da abokan hulɗa a kowane layi.

Kamfanoni da yawa ba su ne ke ɗaukar masu amsa kiran da kansu ba. Sukan ba wani kamfani kwangilar aikin, shi kuma ya ɗebi matasa a kan kwantiragi. Akwai kuma masu amsa kira a madadin kamfanonin ƙasashen waje, kamar Outsource Global da Amal Hassan ta kafa a 2013, mai ofisoshi a Abuja da Kaduna. Wannan tsari na kwangila yana da tasiri a kan batun fashi, kamar yadda za a gani a gaba.

Lissafin kujerar da ba kowa

Mutum zai yi zaton idan ma'aikata biyu cikin ashirin da 'yan kai ba su zo ba, jiran da mai kira zai yi ɗan kaɗan zai ƙaru. Lissafi bai nuna haka ba. Tun a 1917 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak mai suna Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, ya fitar da ƙa'idar auna cunkoson layukan waya, kuma har yau da ita cibiyoyin ke tsara yawan ma'aikatansu.

A ƙaddara wata cibiya tana samun kira 300 a awa ɗaya, kowane kira yana cin minti 4. Jimillar aikin minti 1,200 ke nan, daidai da aikin mutum 20 da ba sa ɗaga kai ko na daƙiƙa. Idan an zaunar da mutum 23, ƙa'idar Erlang ta nuna matsakaicin jiran mai kira zai kasance kimanin rabin minti. Idan biyu suka yi fashi aka koma 21, jiran zai haura zuwa kusan minti 3, wato ya ninka fiye da sau biyar. Idan na uku ya bi sahu aka koma 20, layin ba zai daina tsawo ba sai dai masu kira su gaji su kashe waya. Su kuwa waɗanda suka zo, ba za su samu ko ɗan numfashi tsakanin kira da kira ba, kuma daga cikinsu ne masu fashin mako mai zuwa za su fito.

Akwai wani abu a nan da ya shafi mai kira da Hausa kai-tsaye. Ƙa'idar ta nuna ƙaramin rukuni ya fi babba jin jiki idan aka rasa mutum ɗaya. Duk cibiyar da masu amsa kiranta da Hausa ba su kai na Turanci yawa ba, rashin zuwan mutum biyu a teburin Hausa ya fi rashin biyu a teburin Turanci illa nesa ba kusa ba. Mutumin karkara da bai da zaɓin wani harshe shi ne ke ɗaukar nauyin.

Saboda haka masu tsara jadawali ba sa ɗaukar ma'aikata daidai yawan kujeru. Sukan cire kason lokacin da hutu da horo da rashin lafiya da fashi ke cinyewa. Idan ana buƙatar mutum 100 a zaune, kuma waɗannan abubuwa na cin kashi 30 cikin 100 na lokaci, to sai an ɗauki mutum 143.

Rashin so da rashin iko

A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Richard Steers da Susan Rhodes, suka raba lamarin gida biyu. Zuwan ma'aikaci aiki ya dogara ne a kan son zuwa da kuma ikon zuwa. Wani yana so amma zazzaɓi ko jinyar ɗa ko rashin mota ya hana shi, wani kuma lafiyarsa lau amma zuciyarsa ta ƙi wurin. A takardar rajista duk ɗaya suke, alhali maganinsu daban ne, kuma mafi yawan kuskuren shugabannin ma'aikatu daga cakuɗa biyun nan yake tasowa.

Don rarrabe su ne wasu kamfanoni ke amfani da ma'aunin Bradford. Ana ninka adadin lokutan da mutum ya yi fashi da kansa, sannan a ninka da jimillar kwanakin. Wanda ya kwanta asibiti kwana 10 a jere sau ɗaya, makinsa 10. Wanda ya yi fashin kwana ɗai-ɗai har sau 10, makinsa 1,000. Hujjar masu ma'aunin ita ce gajeren fashi na ba-zata ya fi rikita jadawali, kuma shi ne ya fi kama da na ganganci. Sai dai ma'aunin makaho ne. Mai cutar sikila ko asma, ko mace mai laulayin ciki, fashinsu gajere ne mai maimaituwa, kuma lissafin zai jera su sahu ɗaya da malalaci.

Abin da wurin aikin ke haifarwa

Nan ne bincike ya fi yawa, kuma ya fi ƙarfi. A 1979 Robert Karasek ya nuna aikin da ya fi gajiyar da mutum shi ne wanda ya haɗa yawan buƙata da ƙarancin ikon yanke shawara. Likita yana da aiki mai nauyi, amma shi ke zaɓar yadda zai yi shi. Mai amsa kira kuwa na'ura ce ke turo masa kira na gaba, an rubuta masa kalmomin gaisuwa da na sallama, an ƙayyade masa mintunan da zai yi, ana naɗar muryarsa, sau da yawa kuma ba shi da hurumin mayar wa mai ƙorafi ko naira ɗaya. Iyakarsa ya ce an shigar da koke, a saurara. Wasu masana biyu a Birtaniya, Phil Taylor da Peter Bain, sun kwatanta aikin a 1999 da layin haɗa kaya na masana'anta, sai dai a cikin ƙwaƙwalwa yake gudana.

Sai kuma wahalar danne zuciya, wadda Arlie Hochschild ta yi fice da bayaninta a 1983. Ana biyan ma'aikaci ne ya nuna fara'ar da ba ya ji. Wanda ya kira saboda an cinye masa kati ko kuɗinsa sun maƙale ba ya kira cikin raha, kuma ba manajan kamfani zai samu ya zazzage wa fushinsa ba, yarinya ko saurayin da ke kan layi zai samu. A al'adar da zagin iyaye ke da zafi kamar ta Hausawa, a ce mutum ya sha ashar sannan ya rufe da godiya, kuma bayan daƙiƙa kaɗan ya buɗe wani kiran da murmushi a murya, ba ƙaramin abu ba ne.

Bincike biyu sun auna wannan. A 2002 Stephen Deery da Roderick Iverson da Janet Walsh suka wallafa nazarin ma'aikata 480 a cibiyoyi biyar a Ostareliya. Sun gano gajiyar zuciya ta fi kama waɗanda ke ganin masu kira na ci musu mutunci, da waɗanda ba sa son karanta rubutacciyar magana, da waɗanda ke ganin shugabanni sun fifita yawan kira a kan ingancinsa. Masu wannan gajiya sun fi yin fashi, kuma goyon bayan shugaban rukuni yana rage ta. A 2004 Alicia Grandey da abokan aikinta suka bi ma'aikata 198 a Amurka, suka ga yadda mutum ke ɗaukar zagin masu kira a ransa yana kai shi ga gajiyar, ita kuma ta kai shi ga rashin zuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewar ƙarfi a matsayin lamarin da matsin wurin aiki ke haifarwa, ko da yake ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba.

Jiki ma yana biyan nasa kason. Dashewar murya da ciwon wuya da na baya da gajiyar ido abokan sana'ar ne, ga dutin dare da ke birkita barci. Malamin aji da muryarsa ta dashe zai iya ba ɗalibai rubutu a allo, amma mai amsa kira da ya rasa murya ya rasa kayan aikinsa gaba ɗaya.

A Najeriya tsarin kwantiragi yana ƙara wani nauyi. Matashin da ya gama jami'a, yana amsa kira da sunan babban kamfanin da ba ya cikin jerin ma'aikatansa, kuma bai hango ƙarin girma ba, yakan ɗauki aikin a matsayin wurin fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Ranar da aka kira shi jarrabawar neman wani aikin, ciwon kai zai kama shi.

Halin mutum fa?

Shugabanni sun fi son wannan bayani, domin yana ɗora laifin a kan ma'aikaci, kuma ba a ce babu gaskiya a cikinsa ba. Masana halayyar ɗan Adam sukan auna mutum da manyan siffofi biyar: riƙon amana da tsari, son cuɗanya da jama'a, sauƙin kai, saurin damuwa, da son sabon abu. A 1997 Timothy Judge da Joseph Martocchio da Carl Thoresen suka gwada siffofin a kan ma'aikatan wata jami'a 89 a Amurka. Masu riƙon amana da tsari sun fi ƙarancin fashi, wanda ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi jan hankali shi ne masu son cuɗanya da jama'a sun fi yin fashi, alhali irinsu ne cibiyoyin amsa kira ke nema saboda iya magana. Mai son mutane da aka ɗaure a kujera da waya a kunne, ba ya iya juyawa ya yi hira da na kusa da shi, an sa shi a inda halinsa ba ya samun abinci.

Amma mutum 89 ba su da yawa, kuma ba masu amsa kira ba ne, don haka bai kamata a gina hukunci mai tsauri a kan wannan kaɗai ba. Akwai ma hujjar da ke nuna hali na bin wuri. A 2000 Andrea Ichino da Giovanni Maggi suka yi nazarin bayanan wani babban banki a Italiya, inda fashi ya fi yawa a rassan kudancin ƙasar. Da suka bi ma'aikatan da aka sauya wa reshe, sai suka ga ɗabi'ar mutum na karkata zuwa ta abokan aikin da ya tarar, ko da yake asalin inda ya fito ma yana da tasiri. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. A ofishin da kowa ya san ba a dawowa bayan sallar Juma'a, sabon ma'aikaci mai himma ba ya daɗewa yana zaman kaɗaici.

Hanya, zazzaɓi da zumunci

Ɓangaren ikon zuwa ya fi nauyi a Najeriya fiye da ƙasashen da aka yi waɗancan nazarce-nazarce. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma a Arewa cutar tana tsananta ne da damina zuwa farkon kaka. Ko ma'aikaci bai kwanta ba, ɗansa zai kwanta, kuma galibi uwa ce ke zaman jinya. Jana'iza da suna da ɗaurin aure ba abubuwa ne da Bahaushe ke aika uzuri a kansu cikin sauƙi ba. Kuɗin mota kuma ya zama babban dalili tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako a wancan lokaci. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, Kano kuma ta amince da naira 71,000, amma ga mai shiga mota biyu kafin ya isa aiki, kwanakin ƙarshen wata suna da wuyar cikawa.

Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, ta ba ma'aikaci damar hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 bayan wata 12 yana aiki, da hutun haihuwa na mako shida kafin haihuwa da shida bayanta. Wanda ke ganin an zalunce shi yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano.

Gwajin da ya fi shahara kan cire wahalar hanya an yi shi ne a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin, ƙarƙashin Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford. An raba masu amsa kira 249 gida biyu bisa ranar haihuwarsu, kashi ɗaya suka yi wata tara suna aiki daga gida kwana huɗu a mako. Aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, kuma kashi 9 daga ciki ya fito ne daga raguwar hutun tsakiyar aiki da ranakun rashin lafiya. Masu ajiye aiki sun ragu da rabi. Duk da haka, da aka ba su zaɓi daga baya, kusan rabin na gidan sun koma ofis, akasari saboda kaɗaici. Kafin a kwaikwayi wannan a Tudun Wada ko Kiru sai an tanadi wuta da intanet mai ƙarfi da ɗakin da babu hayaniyar yara, abubuwan da ba kowane gida ke da su ba ko a cikin birni.

Daga cibiyar waya zuwa aji da ɗakin shan magani

A kudancin Kano, kujerar da ta fi damun jama'a idan ba kowa a kanta ita ce ta malamin firamare da ta ma'aikacin lafiya. Lissafin iri ɗaya ne da na teburin Hausa: asibitin ƙauye mai ma'aikata biyu ko uku, rashin mutum ɗaya na iya zama rufe ƙofa. Dalilan ma sun yi kama. Ma'aikacin da aka tura Doguwa alhali iyalinsa na birni, hanya ce doguwa a gabansa ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada da dajin Falgore. Wanda kuma ɗan gari ne yana da gona, kuma shuka da noman farko ba sa jiran Asabar.

A 2006 Nazmul Chaudhury da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon ziyarar ba-zata a ƙasashe shida, Bangaladash da Ekwado da Indiya da Indonesiya da Peru da Yuganda, inda suka tarar kashi 19 cikin 100 na malamai da kashi 35 na ma'aikatan lafiya ba sa nan. Irin wannan bincike na Bankin Duniya a jihohin Anambra da Bauchi da Ekiti da Neja a 2013 ya tarar kusan kashi 14 cikin 100 na malamai ba sa makaranta a ranar ziyara.

Shin sa ido irin na cibiyar waya zai yi magani? Gwaji biyu a gundumar Udaipur ta Indiya sun ba da amsa mabambanta. A makarantun ƙungiyar Seva Mandir an ba malamai kyamarar da ke buga rana da lokaci, ana ɗaukar hotonsu da ɗalibai safe da yamma, aka kuma ɗaura albashi a kan kwanakin zuwa. Fashi ya sauka daga kashi 42 zuwa 21 cikin 100, sakamakon jarrabawar yara ya inganta, kamar yadda Esther Duflo da Rema Hanna da Stephen Ryan suka wallafa a 2012. Da aka gwada na'urar buga lokaci a kan ma'aikatan jinya na gwamnati a gundumar, abin ya yi aiki a watanni shida na farko, daga nan jami'an lafiya da kansu suka riƙa ba da ranakun rangwame, na'urori suka riƙa lalacewa, bayan wata 16 babu wani bambanci tsakanin inda aka sa na'ura da inda ba a sa ba. A makarantun, mai biyan albashin ya tsaya a kan ƙa'idarsa. A asibitocin kuwa, masu sa idon ne suka buɗe ƙofar baya.

Dokokin aikin gwamnati a Najeriya sun riga sun sanya barin aiki ba da izini ba cikin manyan laifuffukan da ke iya kai ga kora, kuma kowace makarantar firamare da ƙaramin asibiti a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suna ƙarƙashin sakataren ilimi ko jami'in kula da lafiya a matakin farko na ƙaramar hukuma. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma da kwamitocin raya mazaɓu, waɗanda mutanen gari ke zama a cikinsu, su ne ke da hurumin kai rahoton malami ko ma'aikacin lafiyar da ba ya zuwa ga waɗannan ofisoshi.